Sarauta, Masana da Mulkin Mallaka: Tushen Kimiyyar Turai a Ƙasashen Ƙetare, 1500–1800

Tsakure

Kimiyyar da ta bunƙasa a Turai tsakanin ƙarni na 16 da na 18 ta tashi ne a inuwar fadojin sarakuna, ta kuma yi ƙarfi da abin da jiragen ruwa suka kwaso daga ƙasashen da aka mallaka. Wannan maƙala ta bi sawun dangantakar rukuni uku: sarakunan da suka ba da kuɗi da izini, da masanan da suka tattara suka rubuta, da mutanen Amurka da Afirka waɗanda suka san ƙasa da tsirrai da cututtuka. An ɗauko misalai daga daulolin Sifaniya da Ingila da Faransa, sannan an dubi tarihin maganin zazzaɓi da na rigakafin agana. Sakamakon nazarin shi ne, ilimin rukuni na uku ya shiga littattafan Turai sosai, amma sunayen masu shi kaɗan ne suka shiga.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1503 masarautar Sifaniya ta kafa wani ofishi a birnin Seville, wanda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, domin kula da duk wata hulɗa da nahiyar Amurka, wadda Columbus ya isa a 1492. A 1508 aka naɗa Amerigo Vespucci shugaban matuƙa a wannan ofishi. Aikinsa shi ne jarraba matuƙan jiragen ruwa da riƙon babbar taswirar sarauta, wadda ake yi wa gyara duk lokacin da matuƙi ya dawo da sabon bayani kan gaɓar teku ko tsibiri. Tun daga nan ilimin ƙasa da na taurari ya zama kayan hukuma, ana tara shi kamar haraji, ana kuma tsaron sa daga abokan gaba.

Dalilin haka a fili yake. Sarkin da ke mulkin ƙasar da bai taɓa gani ba, wadda saƙo ke yin watanni kafin ya isa, ba shi da ido sai rahoto da taswira da lissafi. Yana bukatar hanyar da jirgi zai bi bai ɓata ba, da maganin da zai hana sojojinsa ƙarewa, da dabarar tace ma'adinai. Masani kuma yana bukatar albashi da kayan aiki da gurbi a cikin jirgi. Wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne ƙashin bayan tarihin da za a bi.

2.0 Fadar Philip na II da Tsirran Meziko

Bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Tenochtitlan a 1521, limaman Kirista suka buɗe kwaleji a Tlatelolco a 1536 domin 'ya'yan sarakunan gargajiya na al'ummar Nahuwa, inda ake koya musu Latin. A wannan kwaleji ne, a 1552, wani likitan gargajiya mai suna Martín de la Cruz ya tsara littafin magungunan tsirrai mai zane-zane masu launi, Juan Badiano kuma ya mayar da shi Latin. Aka aika da littafin Sifaniya, daga baya ya ƙare a ɗakin karatu na Fadar Paparoma, bai koma Meziko ba sai a 1990.

A 1570 Sarki Philip na II ya naɗa likitan fadarsa, Francisco Hernández, babban likitan ƙasashen ƙetare. Ya umarce shi da ya tambayi likitoci da masu maganin gargajiya game da kowane tsiro: inda yake fitowa, da cutar da yake warkarwa, da yadda ake shan sa. Hernández ya isa Meziko a 1571, ya yi ta zagaye tare da tafintoci da masu zane da masu haƙar saiwa 'yan ƙasa har zuwa 1577. Ya bayyana tsirrai wajen 3,000, mafi yawansu da sunayensu na harshen Nahuwa, har ma tsarin da ya jera su a kai ya dogara ne da waɗannan sunaye. Ya gwada magungunan a kan majinyata a asibitin da aka keɓe wa 'yan ƙasa a birnin Meziko. Da annobar 1576 ta ɓarke tana kashe mutanen ƙasar bila adadin, a nan ya yi binciken gawawwaki ya rubuta alamomin cutar.

Fadar ba ta buga wannan gagarumin aiki ba. An ajiye kundayen a fadar Escorial, aka sa wani likita ɗan Italiya, Nardo Antonio Recchi, ya taƙaita su. Wannan taƙaitawa ce wata ƙungiyar masana ta buga a birnin Rum a 1651, kundayen asali kuwa suka ƙone a gobarar Escorial ta 1671. A shekarar 1577 fadar ta rarraba takardar tambayoyi 50 ga hukumomin garuruwan ƙetare kan ƙasa da yawan jama'a da harsuna da magunguna, kuma dattawan 'yan ƙasa ne suka ba da amsoshi da yawa. A wannan shekarar dai sarkin ya ba da umarnin a ƙwace kundin da Bernardino de Sahagún ya haɗa da ɗalibansa Nahuwa kan addini da al'adun mutanen. Ilimin da zai amfani mulki ana neman sa, wanda ake tsoron zai raya tsohon addini kuma ana rufe shi.

3.0 Muhawarar Masana da Azurfar Potosí

Mamayar Amurka ta jawo tambayar halacci a cikin Sifaniya kanta. A 1539 Francisco de Vitoria ya koyar a Jami'ar Salamanka cewa mutanen Amurka su ne masu ƙasarsu na haƙiƙa, Paparoma ba shi da ikon kyautar da ita, ko da yake ya bar ƙofar yaƙi a buɗe idan suka hana fatauci ko wa'azi. Ƙorafe-ƙorafen Bartolomé de las Casas na cikin abin da ya sa Sarki Charles na V ya fitar da sababbin dokoki a 1542 domin rage ikon Turawan da aka danƙa wa garuruwa suna cin guminsu. Turawan Peru suka yi tawaye, har suka kashe wakilin sarki a 1546. A 1550 da 1551 aka zauna a Valladolid, inda Juan Ginés de Sepúlveda ya kafa hujja da Aristotle cewa akwai mutanen da bauta ce ɗabi'arsu, Las Casas kuma ya tsaya a kan cewa mutanen Amurka masu hankali ne da tsarin mulki. Alƙalan ba su yanke hukunci bayyananne ba. Shi kansa Las Casas ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka a madadin 'yan ƙasa, shawarar da ya yi nadamarta a rubuce daga baya.

Irin wannan tambaya ta taso a Afirka ta Yamma a zamani guda. Bayan rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta ci daular Sanwai a 1591, an tafi da malamin Tumbuktu Ahmad Baba zuwa Marrakesh. A fatawarsa ta 1615 ya yi watsi da cewa launin fata dalilin bauta ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba, duk da cewa bai soke bautar gaba ɗayanta ba.

Muhawara na gudana, haƙar ma'adinai na ci gaba. An gano dutsen azurfa na Potosí, a ƙasar Bolibiya ta yau, a 1545. Wajen 1554 Bartolomé de Medina ya fito da dabarar tace azurfa da zaiba a Pachuca ta Meziko, dabarar da ta sa dutse mai ƙarancin azurfa ma ya zama riba. A shekarun 1570 wakilin sarki Francisco de Toledo ya kai ta Potosí, ya haɗa ta da mahaƙar zaiba ta Huancavelica, ya kuma kafa aikin tilas: kashi ɗaya cikin bakwai na mazan larduna 16, mutum fiye da 13,000 a shekara. Gubar zaiba tana sa makyarkyata da zubewar haƙora, ta kashe ma'aikata masu yawa. Sarki yana karɓar humusin duk azurfar da aka tace.

4.0 Ƙungiyoyin Masana a Ingila da Faransa

A Ingila, Francis Bacon ya yi kira a 1620 da a gina ilimi a kan lura da gwaji, ya kuma nuna ɗab'i da albarushi da kamfas a matsayin abubuwa uku da suka sauya duniya. Mabiya tafarkinsa suka kafa ƙungiyar da ake kira Royal Society a Landan a 1660, Sarki Charles na II ya ba ta takardar izini a 1662. Sarkin nan dai shi ya ba kamfanin fataucin Afirka na sarauta izini a 1672, ƙarƙashin ƙanensa James, kamfanin da ya kwashi dubban bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Akwai mutanen da suke cikin ƙungiyar suna kuma cikin kamfanin. John Locke, wanda ya yi fice wajen kare 'yancin ɗan Adam daga zaluncin sarauta, yana da hannun jari a kamfanin, ya kuma yi aikin sakatare ga masu mallakar Karolina, wadda kundin tsarinta na 1669 ya ba ubangida cikakken iko a kan bayinsa.

Jiragen bayi su ne hanyar da samfuran tsirrai suka bi. A 1697 James Petiver ya buga jerin tsirran gaɓar Gini tare da sunayensu na gida da amfaninsu a mujallar ƙungiyar, daga abin da limamin kamfanin a Cape Coast, cikin Gana ta yau, ya aiko masa. Hans Sloane ya je Jamaika a 1687 a matsayin likitan gwamna, ya dawo a 1689 da samfuran tsirrai wajen 800, ciki har da waɗanda bayi ke nomawa a 'yan gonakinsu. Ya auri wata gwauruwa mai rabo a gandayen rake na tsibirin, kuɗin sukari ya taimaka masa wajen sayen kayan tarihi da na halitta. Ya gaji Isaac Newton a shugabancin ƙungiyar a 1727. Da ya rasu a 1753, tarin kayansa kimanin 71,000 ne ya zama harsashin Gidan Tarihi na Birtaniya.

A Faransa hukuma ta riƙe ragamar kai tsaye. Jean-Baptiste Colbert, ministan Louis na XIV, ya kafa Majalisar Kimiyya a 1666 da masana masu albashi, aka fara ginin cibiyar duban taurari ta Faris a 1667. A 1672 majalisar ta tura Jean Richer zuwa Cayenne, yankin mallakar Faransa a Kudancin Amurka. Ya auna matsayin tauraron Mirrihi a daidai lokacin da masanin taurari Cassini ke auna shi a Faris, daga nan aka ƙiyasta nisan rana da duniya a kan kilomita miliyan 140, abin da bai yi nisa da miliyan 150 da aka sani a yau ba. Richer ya kuma lura cewa agogonsa mai lilo yana yin latti da kusan minti biyu da rabi kowace rana a Cayenne. Newton ya yi amfani da wannan a littafinsa na 1687 wajen nuna cewa duniya ta kumbura a tsakiya, ta ɗan baje a dorayenta biyu. A 1682 wata tawaga ta yi irin wannan awo a tsibirin Gore na Senegal, wanda zangon bayi ne. Shekara uku bayan haka, a 1685, Louis na XIV ya sa hannu a dokar da ta ɗauki bawa a matsayin kadara a tsibiran Faransa.

5.0 Sassaƙen Zazzaɓi

Itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa yana fitowa ne a gangaren tsaunukan Andes, musamman kewayen Loja a Ikwado ta yau. Limaman ɗariƙar Jesuit ne suka kai garin sassaƙensa Rum a farkon rabin ƙarni na 17, inda zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutane. Likitocin ƙasashen Furotesta da yawa sun ƙi shi saboda hannun da ya kawo shi. Fada ce ta wanke shi. Robert Talbor ya warkar da Charles na II da wani haɗi na sirri, ya kuma yi nasara a gidan sarautar Faransa. Louis na XIV ya sayi sirrin, aka bayyana shi bayan mutuwar Talbor a 1681, sai ga shi sassaƙen nan ne da aka jiƙa a giyar inabi. A 1693 limaman Jesuit suka warkar da Sarkin Sin Kangxi da shi.

Duk tsawon wannan lokaci Turai na shan ɓawon ba tare da sanin kamannin itacen ba. Masu sassaƙa 'yan ƙasa ne ke shiga daji, su bambance irin da ke da ƙarfi da wanda ba shi da shi. Sai a 1737 Charles-Marie de La Condamine, ɗaya daga cikin tawagar da Faransa ta tura Kito auna siffar duniya, ya je Loja ya zana itacen. A 1742 Carl Linnaeus ya raɗa masa sunan matar wani wakilin sarki a Peru, bisa wani labarin warkewarta wanda masana tarihi suka gano ba shi da tushe.

Wannan magani ya shafi tarihin ƙasar Hausa. An tace kwinin daga ɓawon a Faris a 1820. Tawagar Ingila da ta shiga kogin Kwara a 1841 ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawanta, galibi saboda zazzaɓi. A 1854 William Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu. Zazzaɓin da ya daɗe yana tsare bakin kogunan ya daina zama shinge, kuma ta wannan hanyar ruwa ce kamfanoni da sojojin Ingila suka kafu a Lokoja, kafin cin Kano da Sakkwato a 1903.

6.0 Agana da Rigakafinta

Agana ba ta bar gidan sarauta ba: ta kashe Sarauniya Mary ta II ta Ingila a 1694, da Louis na XV na Faransa a 1774. Hanyar kariya da aka sani kafin allurar Edward Jenner ta 1796 ita ce a ɗebi ruwan ƙurjin mai cutar a sa a wata 'yar tsaga a fatar mai lafiya, galibi ya yi ciwo mai sauƙi, ya tsira daga cutar har abada. Turai ta koyi wannan daga waje.

A Boston, cikin yankin mallakar Ingila a Amurka, mabiya wani limamin coci mai suna Cotton Mather suka ba shi kyautar bawa ɗan Afirka a 1706, ya sa masa suna Onesimus. Bawan ya nuna masa tabon da ke hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yin tsagar a ƙasarsu. Mather ya rubuta wa Royal Society labarin a 1716. Da annoba ta shigo Boston a 1721, likita ɗaya ne, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada, ya fara da ɗansa da bayinsa biyu. Masu adawa sun kafa hujja da cewa shaidar baƙar fata ba abin dogaro ba ce. Lissafi ne ya raba gardama: cikin mutum kusan 5,900 da suka kamu ta hanyar annoba, 844 suka mutu, wato ɗaya cikin bakwai, alhali cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa tsaga, shida ne suka mutu.

A Landan kuma Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Santambul, ta ga tsofaffin mata na yin wannan aiki a can, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, da 'yarta a Landan a 1721. Kafin gidan sarauta ya amince, sai da aka gwada a kan fursunoni shida na kurkukun Newgate bisa alkawarin afuwa, sannan a 1722 aka yi wa 'ya'ya mata biyu na Gimbiya Caroline. A 1728 jakadan Tarabulus a Landan ya shaida wa Royal Society cewa al'adar tsohuwa ce a Tarabulus da Tunis da Aljazair.

7.0 Sunayen da Suka Shiga Littafi

Tsarin raɗa wa tsirrai suna da Linnaeus ya daidaita a 1753 ya zama hanyar karrama masana da iyayen gidansu. Michel Adanson ya zauna a Senegal daga 1749 a matsayin ma'aikacin kamfanin Faransa, ya koyi harshen Wolof, ya tattara ilimin itatuwa daga bakin mutanen ƙasar. A yau itacen kuka, wanda Afirka ke miya da ganyensa tun kaka da kakanni, sunan Adanson yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai 'yan misalan da suka saɓa. Kwasi, wanda aka kamo daga Afirka ta Yamma aka bautar a Surinam, ya shahara da wata saiwa mai ɗaci da ke maganin zazzaɓi, Linnaeus kuma ya sa wa itacen sunansa. Maria Sibylla Merian, wadda ta yi nazarin ƙwari da tsirrai a Surinam daga 1699 zuwa 1701, ta faɗi a littafinta cewa bayi da 'yan ƙasa ne suka sare mata hanya a daji suka kawo mata samfura, ta kuma rubuta abin da mata bayi suka gaya mata, cewa suna shan ƙwayar wani fure su zubar da ciki don kada su haifi 'ya'ya cikin bauta. Ko ita ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

8.0 Kammalawa

Hazaƙar Newton da Cassini da Linnaeus ba abin musu ba ce, kuma gudummawar Turai wajen awo da lissafi da buga sakamako domin kowa ya tantance babba ce. Abin da misalan nan suka tabbatar shi ne, wannan hazaƙa ta yi aiki ne a kan kayan da mulkin mallaka ya samar: tashoshin awo a Cayenne da Gore, da jiragen bayi masu ɗauko samfura, da kuɗin azurfa da sukari, da ilimin masu magani na Meziko da Andes da Afirka ta Yamma. Sarakuna sun tallafa wa binciken da ya dace da bukatar mulki, masana kuma sun fi kaifin baki kan zalunci a gida fiye da a gandayen ƙetare.

Tarihin kimiyyar wannan zamani ba ya cika sai an karanta rahoton masani tare da kundin kamfani da dokar bayi. Akwai kuma darasi ga masu binciken magungunan gargajiya a jami'o'in Nijeriya da Nijar, waɗanda ke karɓar saiwa da sassaƙe daga hannun mafarauta da wanzamai da unguwarzoma. Ya wajaba duk mai irin wannan bincike ya nemi yardar mai ilimin, ya rubuta sunansa da garinsa a cikin aikin, ya kuma ba shi rabonsa idan amfani ya fito.